Tambaya da Amsa: Da baƙaƙe kullum ana cinye ni, wace kariya zan riƙe?

TAMBAYA: Salamu alaikum Malam. Muna ɗan turnuwa na eshek (darar Turawa mai sarki da sarauniya) tsakanin fadodin unguwa nan Maradi, ba kuɗi a ciki sai shayi da gardama. In na samu farare lahiya lau, amma da baƙaƙe da an tura e4 (wato sojan gaban sarkin farare ya shiga gidan e4) sai in rikice. Abokina ya ce in koyi kariyar Sisiliyan don ita manya ke yi, mi ka gani? Daga wani mai karatu, unguwar Ali Ɗan Sofo.

AMSA: Wa alaikumus salam ƙanena. Abokinka bai yi ƙarya ba, Sisiliyan (e4 c5) ita tsohon zakaran duniya Kasparov ya yi ta bugawa, amma fa rassanta sun yi yawa, Najdorf daban Dragon daban, in ba ka da lokacin hadda wanda ya fi ka karatu zai kwashe ka tun shayin farko bai nuna ba.

Ni dai Karo-Kan zan ce ka riƙe. Ya tura e4 ka tura c6, sannan d5, shi ke nan ka kafa ƙafa a tsakiya kuma sojan c6 na tsaron na d5, daɗin abin shi ne fu ɗinka (ɗan wasan nan mai tafiya a karkace) na c8 yana samun hanyar fita zuwa f5 kafin ka rufe da e6. Nan ta fi kariyar Faransa (e4 e6), wadda ta samo sunanta daga wasan wasiƙa tsakanin Landan da Faris a 1834, don a can fu ɗin nan yakan maƙale bayan sojojinsa har rai ya ɓaci. Karpov, shi ma tsohon zakaran duniya, ya daɗe yana cin abinci da Karo-Kan, to balle mu 'yan fada.

Masu gaggawar nan kuma da ke fito da fu c4 da sarauniya h5 suna harin f7, in ya sa fu a c4 tura d5 kawai, sojanka ya tare hanya kuma ya kore shi.

Aibin Karo-Kan ɗaya, wuri na yi maka ƙunci da farko kuma dokin b8 ya rasa c6, sai dai ya bi ta d7, don haka sai da haƙuri. In ya buɗe da d4 ma ba matsala, d5 da c6 ita ce Silaf, kusan tsari guda ne. Ka sauke manhajar eshek ta Lichess a waya, kyauta ce, ka riƙa buga ta kana duba inda aka kama ka kafin zagaye na gaba.