Tambaya da Amsa: Jini Zai Iya Tona Asirin Bangon Hanji?

TAMBAYA: Assalamu alaikum Likita. Na daɗe ina fama da kumburin ciki da gudawa. Wani ya ce mini yanzu da ɗan jini kaɗan ana gane ko bangon hanjin mutum ya fara yoyo, ta hanyar auna wani abu wai shi maikro-RNA. In je in yi? Daga wata mai karatu.

AMSA: Wa alaikumus salam 'yar'uwa, Allah ya ƙara sauƙi. Riƙe kuɗinki tukuna.

Bangon cikin hanji layi ɗaya ne tak na ƙwayoyin halitta, an ɗinke su da juna da wasu furotin, irin su okuludin da kulodin. Ɗinkin nan ne ke barin amfanin abinci ya wuce, ya tare ƙwayoyin cuta. Akwai irinsa a huhu, akwai kuma tsakanin jini da ƙwaƙwalwa.

Shi maikro-RNA guntun saƙo ne, harafi wajen 22, aikinsa rage yawan furotin ɗin da ƙwayar halitta ke ƙerawa. Victor Ambros da Gary Ruvkun ne suka gano shi a 1993 a jikin wata tsutsa mai tsawon milimita ɗaya, aka ba su kyautar Nobel a 2024. A 2008 aka tarar yana yawo cikin jini bai lalace ba, don yana naɗe cikin 'yan jakunkunan kitse ko maƙale da furotin. Daga nan ido ya buɗe.

An ga wani maikro-RNA mai suna miR-29a ya ƙaru a jikin wasu masu ciwon hanji mai zawo waɗanda bangonsu ya saki. An ga miR-155 na kwance ɗinkin katangar ƙwaƙwalwa lokacin kumburi. Wanda ya fi burge ni shi ne miR-122 na hanta: in mutum ya sha farasitamol fiye da kima, yakan tashi a jini kafin gwajin hanta na yau da kullum ya nuna komai.

To amma ga inda gizo ke saƙa. In wajen ɗibar jini jajayen ƙwayoyi suka fashe, ruwan da ya kamata ya fito launin rawaya sai ya yi ja-ja, miR-451 da miR-16 da ke cikinsu su malala su ɓata lissafi. Ga shi saƙo ɗaya na iya fitowa daga gaɓoɓi da yawa, ba ki san wa ya aiko shi ba.

Shi ya sa gwajin bai fito daga ɗakin bincike ba. Ki je ki ga likitan ciki, a duba bayan gida da jini, in ta kama a saka kyamara a leƙa hanjin.