Tambaya da Amsa: Yaya Ake Ƙara wa Bekta Tsawo Ba Tare da Ta Karkace Ba?

Tambaya: Assalamu alaikum, Malam. Ni ɗaliba ce a ajin ƙarshe na sakandare. An ba mu bekta, wato kibiya mai tsawo da alƙibla, mai taku 3 gabas da taku 4 arewa, aka ce mu mai da tsawonta 20 ba tare da ta sauya alƙibla ba. Na ƙara 15 a kan kowace lamba, sai malaminmu ya ce ban yi daidai ba. Ina kuskuren yake?

Amsa: Wa'alaikis salam, 'yata. Daga 15 ɗin da kika ƙara na gane cewa kin riga kin gano tsawon farko, wato 5, kika cire shi daga 20. Tsawon 5 ne domin bisa ƙa'idar Fitagoras 3 sau 3 da 4 sau 4 sun haɗu sun ba da 25, kuma 5 ce lambar da idan aka ninka ta da kanta take ba da 25.

Kuskuren yana wajen tarawa. Alƙiblar bekta tana cikin yadda lambobinta suke a kan juna: duk taku 3 da aka yi gabas, sai an yi 4 arewa. Naki ya zama 18 da 19, waɗanda kusan daidai suke, saboda haka kibiyar ta karkata zuwa gabas, tsawonta kuma ya wuce 26. Ki zana duka biyun a takarda da rula, za ki ga karkatar da idonki.

Hanyar da ta dace ita ce ki raba kowace lamba da tsawon farko, ki sami 0.6 da 0.8, wato bekta mai tsawo 1 da ke fuskantar inda ta farko take fuskanta, sannan ki ninka su da 20, ki sami 12 da 16. Ki tabbatar da kanki: 12 sau 12 (144) da 16 sau 16 (256) sun haɗu sun ba da 400, wato 20 sau 20. Na fi son ɗalibi ya saba da wannan mataki biyu, ko da yake a nan ninkawa da 4 kai tsaye ya wadatar, domin ba kullum lambobi ke raba juna cif-cif ba.

Ki kula da abu biyu. Idan kika ninka da lambar da ke ƙasa da sifiri, kibiyar za ta juya baya gaba ɗaya. Bektar da duk lambobinta sifiri ne kuwa ba ta da alƙibla, kuma ba a raba lamba da sifiri, don haka wannan hanya ba ta aiki a kanta.