Tambayoyinku: Wane Ne Lami na Fallomi?

Tambaya: Ranka ya daɗe, tsofaffinmu da suka je Makka ta ƙasa suna yawan ambaton Fallomi. An ce sunan wani sojan Faransa garin ya ci. Wane ne shi, kuma yaya ya mutu? Daga wani mai karatu a Daura.

Amsa: Haka ne, Malam. Fallomi (Fort-Lamy) shi ne tsohon sunan Njamena, babban birnin Chadi. Sojan kuwa sunansa Kwamanda Lami, haifaffen kudancin Faransa a 1858, kuma a Aljeriya ya goge da aikin soja.

A ƙarshen 1898 ya taso daga Wargla ta Aljeriya tare da Furo, wani Bafaranshe mai binciken Sahara, da soja kusan 300, raƙuma wajen dubu da igwa biyu, nufinsu su ratsa Sahara su kai Tafkin Chadi. Turawa na yabon tafiyar, amma da ƙyar suka sha. Raƙumi na jure ƙishi, ba ya jure kaya mai nauyi kullum ba kiwo ba hutu. Kafin su kai Azbin yawancin raƙuman sun mutu, har sai da suka ƙona kayan da ba abin ɗauka. A Agadas Abzinawa suka yi ta jan ƙafa wajen ba su dabbobi, Lami ya sa soja suka tsare rijiyoyin gari, ba mai ɗiban ruwa sai an kawo. Wannan kam ƙarfa-ƙarfa ce, kome sunan da aka ba ta.

Sun shigo Damagaram, nan arewa da ku, a Nuwamban 1899, tufafi duk sun yage. Sun tarar Faransawa sun riga sun ci garin tun watan Yuli. Hatsi da dawakin ƙasar Hausa su suka tashe su.

A Kusuri, kusa da kogin Shari, rundunonin Faransa uku suka haɗu, Lami ya karɓi jagoranci. Ran 22 ga Afrilu 1900 ya auka wa sansanin Rabe, mayaƙin da ya ci Borno, ta ɓangare uku, kogin Shari ya tare na huɗu. An fasa ganuwa, an ɗauka yaƙi ya ƙare, sai mutanen Rabe suka juyo da wuta, harsashi ya sami Lami. Rabe ma bai tsira ba, an harbe shi yana ƙoƙarin tserewa da rauni, aka sare kansa. Lami ya cika a ranar, yana da shekara 42.

Janti, jagoran ɗaya daga cikin rundunonin nan uku, shi ne ya kafa sansani a ƙetaren kogin ya sa masa sunan Lami, wato Fallomi. A 1973 gwamnatin shugaban Chadi Tombalbaye ta mai da sunan garin Njamena.