Kafin ka biya kuɗin mold, fara riƙe samfur a hannunka

Wani ɗan'uwa mai shagon tocila da fitilun sola a kasuwar Alaba ta Legas ya turo tambaya, wai yana son fitar da tocila da sunan shagonsa, kamfanin da yake sarin kaya a Shenzhen ta ƙasar Sin sun ce sai ya biya kuɗin mold (wato ƙarfen da ake zuba narkakkiyar roba a ciki ta fito da siffar kayan) tukuna, ya tura ko ya dakata?

Alhaji don Allah ka dakata. Mold na ƙarfe in an riga an sassaƙa shi gyaransa wahala ne, in batir bai zauna daidai ba ko gilashin gaba yana girgiɗi shikenan kuɗi sun tafi, ga dala yadda take yanzu.

Jikin tocilar ba shi ne matsala ba. Samu wanda zai zana maka a kwamfuta, akwai samari masu firintar 3D a Yaba da Ikeja, su buga maka. Amma ka ce irin robar da ake kira PETG kake so ko ABS, robar PLA tana laushi da zafi ya kai digiri 60, a mota ka bar ta cikin rana sai ka tarar ta lanƙwashe.

Gilashin ne inda mutane ke asara. Firintar 3D mai amfani da zaren roba layi-layi take ɗora robar, haske na shiga sai ya watse. Mai resin, wato ruwan roba da haske ke daskarar da shi, ta fi santsi, kaurin layinta bai wuce milimita 0.05 ba in an saita ta, amma duk da haka sai an goge da sanfefa an yi folish, kuma yana komawa ruwan ɗorawa in ya sha rana. Ni dai shawarata kar ka buga gilashi sam, sayi wanda aka riga aka ƙera na akirilik, wata roba mai kama da gilashi, yana wuce da haske kusan kashi 92 cikin ɗari, sai a zana jikin daidai da shi. Ka kashe wuta ka haska bango, in ka ga baƙin tabo a tsakiya to tazarar ƙwan LED da gilashin ce, milimita ɗaya ma tana canja komai, shi ya sa zan ce a buga maka zobba masu kauri daban-daban ka riƙa sa su tsakanin ƙwan da gilashin kana gwadawa.

In ya yi, a zuba mold na silikon, wata roba mai laushi, yakan ba da kwafin jikin tocilar kamar guda 20. Raba wa masu gadi da masu shayi da masu suya a Agege su yi wata guda da ita, su za su gaya maka gaskiya. Bayan nan ne za ka tura kuɗin mold na ƙarfe, kuma a rubuta a yarjejeniya cewa mold ɗin naka ne, kar su buga wa wani da shi.