Murshidabad: Gari Ne Ko Gunduma?

TAMBAYA: Malam, ni ɗalibi ne a Kolkata, ina so in ziyarci Murshidabad a hutun nan. Wani wuri na ga an ce mutanensa miliyan bakwai ne, wani wuri kuma dubu arba'in da 'yan kai. Wanne zan ɗauka? Ina garin yake, kuma ta yaya ake zuwa?

AMSA: Ɗana, duka biyun gaskiya ne, suna ɗaya ne ke kan abu biyu. Akwai gundumar Murshidabad a jihar Bengal ta Yamma ta Indiya, wadda ƙidayar 2011 ta ce mutanenta sun haura miliyan bakwai, kusan kashi biyu cikin uku Musulmi. Akwai kuma garin da gundumar ta ci sunansa, mai mutum 44,019 a wannan ƙidayar. Ko hedikwatar gundumar ma ba a garin take ba, tana Baharampur, kilomita goma sha wani abu kudu da shi.

Garin na gaɓar gabas ta kogin Bhagirathi, reshen Ganga, kimanin kilomita 200 arewa da Kolkata. Mutanen wurin sun fi kiransa Lalbagh, ka riƙe sunan nan don tambayar hanya.

Shawarata ka bi jirgin ƙasa. Layin da ya taso daga tashar Sealdah, a cikin Kolkata, zuwa Lalgola ya ratsa ta garin, kuma akwai tasha mai suna Murshidabad. Bhagirathi Express daga Sealdah yake tashi, Hazarduari Express kuwa daga tashar da ake kira Kolkata, ka duba tikitinka da kyau kada ka je wata tashar daban. Tafiyar awa huɗu ce zuwa biyar. Akwai bas ta babbar hanya mai lamba 12, amma cunkoso yana cinye lokaci. A cikin gari sai keke mai aiki da batir, wanda suke ce wa toto, ko keken doki. Gundumar na iyaka da Bangladesh, don haka kada fasfo ya rabu da jikinka.

Kada ƙanƙantar garin ta sa ka raina shi. A farkon ƙarni na 18 Murshid Quli Khan, wanda daga baya ya zama sarkin Bengal, ya ɗauke mulkin Bengal daga Dhaka ya dawo da shi nan, garin ya ɗauki sunansa. Daga nan Siraj ud-Daulah, sarkin Bengal na lokacin, ya fita yaƙin Plassey a 1757, inda Turawan Ingila suka yi galaba, daga baya harkar mulki ta koma Kolkata, gari ya yi ta raguwa. Kabarin Siraj ud-Daulah na Khosh Bagh, a ƙetaren kogi, da kwalekwale ake haye.

Baƙi sun fi tururuwa fadar Hazarduari, mai ƙofa dubu, wadda aka gama a 1837. Gidan tarihi ce yanzu, kuma ba a buɗewa ranar Juma'a. Ni dai masallacin Katra ya fi taɓa min zuciya. An gina shi wajen 1724, girgizar ƙasa ta 1897 ta rushe wani ɓangare nasa. Murshid Quli Khan yana kwance ƙarƙashin matattakalar shiga, an ce shi ya yi wasiyyar haka domin ƙafafun masallata su riƙa bi ta kansa. In ka isa, ka yi masa addu'a kafin ka hau.

Idan hutun naka ya faɗo tsakanin Nuwamba da Fabrairu, ka dace, lokacin ba zafi ba ruwa. Allah ya kai ka lafiya.