Fatawa: Fenti a farce, burushin gashin alade da zanen fuskar mutum

TAMBAYA

Assalamu alaikum Malam. Ni matar aure ce da yara biyu. Wata uku ke nan da na fara koyon zane da fentin mai a gida, ina bin darussa a YouTube. Maigidana ne ya sayo mini kayan, amma Hajiyarsa ta ce mala'iku ba za su ƙara shiga gidanmu ba. Malam, zanen nan halal ne? Mai koyarwar ya kai darasin zana fuskar mutum, in bi ko in tsallake? Biyu daga cikin burushina an rubuta hog bristle a jikinsu, an ce mini gashin alade ne. Fentin yana maƙale mini a farce, alwalata ta yi? Ruwan da nake wanke burushi da shi an rubuta spirit a kwalbar, giya ce? Sannan ina son in rubuta Ayatul Kursiyyu da fentin in kai wa mahaifiyata. Allah ya ƙara wa Malam lafiya.

AMSA

Wa alaikumus salam wa rahmatullah. Godiya ta tabbata ga Allah, tsira da aminci su tabbata ga Manzonsa.

Malama, ko da yake maganar zane kika sa a gaba, da fentin da ke farcenki zan fara, don shi ne yake haɗuwa da sallarki sau biyar a yini.

Shi fentin mai, garin launi ne da aka kwaɓa da mai, galibi man 'ya'yan kittani da ake ce wa linsid. Ruwa ba ya ratsa shi, in ya bushe a fata kuwa ɓawo yake zama. Alwala kuma ba ta inganta sai ruwa ya kai ga fatar gaɓar da aka wajabta wankewa. Imamu Muslim ya ruwaito daga Umar ɗan Khaɗɗabi cewa wani mutum ya yi alwala ya bar wuri kamar girman farce a ƙafarsa, Annabi (SAW) ya gani, ya ce masa ya koma ya kyautata alwalarsa. Saboda haka duk fentin da yake da jiki, wanda in kin shafa za ki ji tudunsa ko ki iya ɓantare shi, shamaki ne, sai an cire shi kafin alwala. Launin da ya rage a fata bayan kin wanke, wanda babu abin kankarewa a cikinsa, hukuncinsa hukuncin lalle ne, ba ya hana komai. Akwai wani shuɗi mai ƙarfi da ake kira fitalo wanda yakan bar tabo ko an wanke da sabulu, kada ki ɗeɗe hannunki a kansa.

Hanyar cirewa tana cikin kicin ɗinki. Ki ɗiga man gyaɗa a wurin, ki murza, ki goge da tsumma, sannan ki wanke da sabulu. Mai ne ke narkar da mai. Santsin da zai rage ba ya cutar da alwala muddin ruwa ya game gaɓar, haka malamanmu suka faɗa a kan mai mai ruwa-ruwa wanda bai daskare a jiki ba. Ki riƙa duba gefen farce da ƙarƙashinsa, da gefen tafin hannu ta wajen ƙaramin yatsa, nan ne yake gogar zanen mutum bai sani ba.

In kuma sai bayan sallama kika gani? Idan ɓawo ne bayyananne, ki cire shi, ki wanke wurin da niyya, ki sake sallar, kamar yadda kika karanta a Ahalari game da wanda ya manta lam'a, wato ɗan wurin da ruwan alwala bai taɓa ba. Idan ɗan ɗigo ne da ya kuɓuce miki bayan kin duba, malaman Malikiyya sun yi wa marubuci rangwame a kan busasshiyar tawadar da bai gani ba sai bayan ya idar da salla, saboda wahalar kauce mata. Ina ganin mai zane ya shiga wannan rangwamen, wannan kuwa ƙiyasina ne. Amma rangwamen bai shafi wanda ya gani kafin salla ya ƙyale ba. Ki yanke farce, ki sa safar hannu ta roba, ki yi alwala kafin ki buɗe fenti, kin huta.

Ruwan wanke burushi ba giya ba ce. Sunan ne ya ruɗe ki. Wanda ake rubuta wa white spirit daga ɗanyen man fetur ake tace shi, ɗan'uwan kananzir ne. Ɗaya ruwan wanke burushin kuma, wanda ake kira tafentayin, daga ƙaron itacen fayin ake tatsarsa. Dukansu masu tsarki ne, in sun taɓa zaninki kika yi salla da shi, sallarki ta yi. Matsalarsu ba ta tsarki ba ce, ta lafiya ce, kuma shari'a ba ta yi shiru a nan ba, hadisin "babu cuta babu cutarwa" yana cikin Muwaɗɗa. Kada ki yi aiki da su a rufaffen ɗaki ko ɗakin da yara ke kwana, kada ki wanke hannu da su, kada ki zuba su a gorar lemo inda yaro zai ɗauka abin sha ne. Fentin da aka rubuta cadmium ko cobalt a jikinsa, da farin da ake yi da dalma, ba a cin abinci da hannun da ya taɓa su. Tsumman da ya jiƙe da man linsid kuma kada ki dunƙule shi ki jefa a kwali. Man ba ƙafewa yake ba, iska yake zuƙa ya daskare, yana fitar da zafi a lokacin, har tulin tsumma yakan kama da wuta da kansa. Ki shanya shi a buɗe a waje ko ki tsoma shi a gwangwanin ruwa.

Sai burushi. Gaskiya aka gaya miki, gashin alade ne. Masu fentin mai suna son sa don yana da tauri kuma bakin kowane gashi a tsage yake, yana riƙe fenti. Wataƙila za ki yi mamaki in na ce miki littafin da ake karantawa a zaurukanmu ya taɓo maganar. Ibn Abi Zaidin a Risala ya ce komai na alade haramun ne, amma an yi rangwame a kan amfani da gashinsa. Shehu Halilu a Muktasar ya lissafa gashi cikin abubuwa masu tsarki ko da na alade ne, da sharaɗin a ce askewa aka yi, domin in tugewa aka yi, tushen da ya fito daga fata najasa ne. Shafi'awa suna ganin gashin gaba ɗayansa najasa ne, haka ma mashhurin zancen Hambalawa. Hanafawa na da sun yarje wa baduku ya yi ɗinki da shi saboda lalura.

Hukuncina a nan: zanen da kika riga kika yi da su bai zama najasa ba, ba sai kin ƙona ko kin wanke ɗaki ba, babu zunubi a kanki. Amma ki ajiye su. Ba ki san yadda aka cire gashin ba, kuma lalurar da ta sa magabata suka yi rangwame ta kau, tunda burushin roba mai tauri ya cika kasuwa kuma ya ishi mai koyo. In kina shakkar wani burushi da babu rubutu a jikinsa, ki ciri gashi ɗaya ki kai bakin ashana. Na roba narkewa yake ya dunƙule, na dabba yana ƙonewa da ƙaurin babbakar kan rago. Gwajin ba zai gaya miki wace dabba ba ce, amma fari-fari mai kaushi mai tsagaggen baki galibi na alade ne.

Wani abu da ba ki tambaya ba: baƙin fentin da aka rubuta Ivory Black, mai lamba PBk9, da ƙonannen ƙashin dabbobi ake yin sa. Ƙashin mushe najasa ne a wurinmu, sai dai Shehu Dardiri ya ce abin dogaro a mazhaba shi ne tokar najasa tsarkakakkiya ce, wuta ta juya ta. Don haka ya halatta. Mai son fita daga saɓani ya sayi Mars Black, PBk11, wanda daga ƙarfe yake.

Yanzu ga asalin tambayarki. Bukhari da Muslim sun ruwaito cewa wani mutum ya zo wurin Abdullahi ɗan Abbas ya ce masa da aikin hannunsa yake ci, yana yin hotuna. Ibn Abbas ya gaya masa abin da ya ji daga Annabi (SAW), cewa wanda ya suranta sura za a azabta shi har sai ya busa mata rai, kuma ba zai iya ba. Mutumin ya firgita, fuskarsa ta sauya. Sai Ibn Abbas ya ce masa in ya zama dole sai ya yi, to ga bishiya, ga duk abin da ba shi da rai. Ki lura, bai ce masa ya bar sana'a ba. Zanen bishiya, dutse, kogi, gini, fure, tulu, sararin sama, duk halal ne a mazhabobi huɗu, sayar da shi ma halal ne. Masallacin Umayyawa na Dimashƙa, wanda Halifa Walid ɗan Abdulmalik ya gina wajen shekara ta 706 zuwa 715, har yau bangonsa yana ɗauke da adon bishiyoyi da koguna da gidaje, babu mutum ko dabba ko ɗaya.

Mai rai kuwa, in gunki ne mai inuwa, cikakken gaɓoɓi, mai daɗewa, haramcinsa babu saɓani. Saɓanin yana kan shimfiɗaɗɗen zane irin naki. Imamu Nawawi, wanda ya rasu a 676 bayan Hijira, ya ce haramun ne ko yana da inuwa ko ba shi da ita, kuma a kan haka mafi yawan malamai suke. Hujjarsu tana da ƙarfi: labulen Nana A'isha da Annabi (SAW) ya yaga ai ba gunki ba ne, zane ne a jikin ƙyalle. Malikiyya kuma sun ce marar inuwa makaruhi ne in an ɗaukaka shi, in kuma a abin da ake takawa ko zama ne, barinsa ya fi. Sun dogara da togaciyar da ta zo a hadisin Abu Ɗalha, "sai dai zane a tufa", wadda ita ma tana cikin Bukhari da Muslim.

Ba zan ce wa wanda ya bi zancen Malikiyya fasiƙi ba, amma ke ba zan ba ki shawarar ki bi darasin ba. Zanen fuska da fentin mai ba don a taka ake yin sa ba, don a sa a firam a rataye ne, wato ainihin surar da ko masu sassauci suka karhanta. Narkon da ya zo a kai mai tsanani ne, ke kuma babu abincinki a ciki. Ki tsallake. Abin da darasin yake koyarwa, wato yadda haske da inuwa suke zagaya abu mai kumburi, za ki same shi a ƙwai, da albasa, da tulu. Ki ajiye ƙwarya kusa da taga da hantsi ki zana ta, ki sake zana ta da la'asar. In kin iya wannan, ga kuka, ga giginya, ga hasumiyar Gobarau ta Katsina, ga ramukan rini na Ƙofar Mata.

In kina zana kasuwa ko bakin kogi kika buƙaci mutane daga nesa, ɗigon fari a matsayin riga ba tare da ido da hanci da baki ba, malamai da dama na wannan zamani ba su ɗauke shi sura ba. Hujjarsu hadisin Jibrilu ne da Abu Dawuda da Tirmizi suka ruwaito, inda ya ce a sare kan mutum-mutumin ya koma kamar bishiya.

Hajiya ba ta faɗi ƙarya ba, hadisin da ta ambata ingantacce ne. Sai dai surar mai rai yake nufi, mala'ikun kuma na rahama ne, masu rubuta ayyuka ba sa rabuwa da mutum. Kada ki je mata da "Malam ya ce". Ki bari maigida ya yi mata bayani, ke kuma ki nuna mata abin da kike zanawa. Na taɓa ganin wata dattijuwa da ta yi wata guda ba ta shiga ɗakin jikanta ba saboda irin wannan, ranar da ta leƙa ta ga rumbu ne da gonar gero yake zanawa, sai ta tsaya tana gyara masa, wai bakin rumbun ya yi faɗi. Abu guda, kada ki jingina zane a alƙiblar inda kike salla, ko da na fure ne. Sallar ta inganta, amma yana ɗauke hankali.

Ayatul Kursiyyu kuma ya halatta ki rubuta, da sharuɗɗa. Ki yi da burushin roba sabo, da fentin da babu shakka a tsarkinsa, a nan ki bar baƙin ƙashin nan. Ki kasance da alwala, ki dubi Mus'hafi harafi bayan harafi, kada ado ya sa ki lanƙwasa kalma har ta kasa karantuwa, kada ki jera ayar ta ba da siffar tsuntsu ko mutum. Fentin mai yakan ɗauki kwanaki kafin ya daina kama hannu, ya ɗauki watanni kafin ya bushe har ciki, don haka ki tanadi wuri mai tsayi inda yara da ƙura ba za su kai ba, ba ƙasa ba. In ya lalace miki, kada ki jefa a shara, ki shafe rubutun gaba ɗaya ko ki binne shi a wuri mai tsarki. Wasu malamai sun ƙi rataye ayoyi don ado kawai, to in kin kai wa mahaifiyarki ki rataye mata shi daidai inda idonta zai iya karantawa daga kan sallayarta ko gadonta, ba can sama kusa da silin ba. Ki fara gwada hannunki da zayyanar gefe irin ta allon sauka tukuna, wata uku bai isa a ɗora burushi a kan aya ba.

Wallahu a'alam.