Filin Tambayoyinku: Me ake nufi da "sully"?

Tambaya: Assalamu alaikum Malam. Ni haifaffen Makka ne. Da Hausa da Larabci na tashi, Turanci kuwa da girmana nake koyonsa saboda aikin otal. A wata takardar jan hankalin alhazai na ga kalmar "sully", ana gargaɗin kada a yi wa alfarmar Harami haka. Wayata ta fassara mini ita da "ƙazantar". Iyakar ma'anar ke nan? Kuma daga ina ta samo asali?

Amsa: Wa alaikumus salam ɗan'uwa, Allah ya ƙara basira. Wayarka ba ta yi ƙarya ba, sai dai ta rage maka rabin zancen. Ana furta kalmar kamar "sali", kuma ba kowace irin ƙazantarwa take nufi ba. Sai abu ya kasance mai tsarki ko mai daraja tun farko, sannan wani ya zo ya ɓata shi. Kai da ke ganin alhazai kullum, duba farin haramin da aka ɗaura da asuba, shayi ya ɗiga a kafaɗarsa. Ɗigo ɗaya ne, amma ido ba ya zuwa ko'ina sai wurin. Da a tsumman goge tebur ya ɗiga, babu Baturen da zai kira wannan kalma.

Shi ya sa yau an fi jin ta a maganar suna da mutunci. Abin da mu ke cewa an ɓata wa mutum suna, ko an zubar da ƙimar gida, nan take zama daram. A Larabcinka "dannasa" (keta tsarkin abu) ta fi kusa da ita, ba "wassakha" (sa wa abu dauɗa) ba.

Asalinta kuwa, yawancin ƙamus na danganta ta da kalmar Faransanci "souiller", wato ɓata abu da dauɗa. Ta bayyana a rubutun Turanci wajen ƙarshen ƙarni na 16. 'Yar'uwarta "soil", mai nufin ɓata tufa, daga tushe ɗaya suke, amma ta riga ta shiga, cikin ɗimbin kalmomin Faransanci da suka kwararo Ingila bayan Normawa, mutanen arewacin Faransa, sun ci ƙasar a 1066.

Shawarata, kada ka yi amfani da ita in baƙo ya ɓata zanen gado, za ta yi nauyi ƙwarai. "Dirty" ko "stain" sun ishe ka. Wanda ya rubuta takardar nan kuwa ya zaɓi kalma daidai, domin alfarmar Harami ba shara kaɗai ke taɓa ta ba. Ture tsoho a wurin ɗawafi ko ɗaga murya da zagi duk suna cikin abin da yake gargaɗi a kai.